Tara ga Nuwamba: Ranar da Jamusawa Suka Kasa Yi wa Biki

Ranar 3 ga Oktoba ita ce ranar ƙasa a Jamus. Ba a zuwa aiki, kantuna a rufe, manyan gwamnati su taru a ɗaya daga jihohin ƙasar 16, a yi addu'a a coci, a saurari jawabi, a watse. Bana wannan jiha ce mai masaukin baƙi, baɗi wata. Babu faretin soja irin wanda Faransa ke yi ranar 14 ga Yuli. Tun 1997 masallatan ƙasar suka ɗauki wannan rana suna buɗe ƙofofinsu ga maƙwabtan da ba Musulmi ba, a zagaya da su, a sha shayi. Ga Bajamushe na gida kuwa, hutu ne kawai ya samu.

Ba abin mamaki ba ne, domin abin da ya faru ranar 3 ga Oktoban 1990 aikin takarda ne. Majalisar Jamus ta Gabas ce ta kwana tana muhawara, da asubahin 23 ga Agusta ta tsayar da ranar da ƙasarta za ta shige cikin Jamus ta Yamma, ranar ta zo, aka ɗaga tuta. Tambayi dattijo a Berlin inda yake a ranar, sai ya yi ɗan jim. Tambaye shi inda yake daren 9 ga Nuwamban 1989, ba zai bari ka rufe baki ba.

A wannan dare ne katangar Berlin ta faɗi, kuma kuskure ne ya kayar da ita. Tun 13 ga Agustan 1961 take tsaye, ta zagaye yammacin birnin tsawon kilomita kusan 155, mutum aƙalla 140 sun rasa rai a jikinta. A kakar 1989 gwamnatin gurguzu ta gabas ta riga ta jigata. Hangari ta buɗe iyakarta da Ostiriya a watan Satumba, mutane na ta sulalewa ta can. Ranar 9 ga Oktoba mutum kimanin 70,000 suka fito titi a Leipzig bayan addu'ar Litinin a cocin Nikolai, jami'an tsaro suka ja daga, amma ba wanda ya yi harbi. Don a sassauta, sai mahukunta suka tsara sabuwar dokar tafiya: daga washegari kowa na iya zuwa ofis ya nemi izinin fita, a bi layi, a buga hatimi. Aka miƙa takardar ga Günter Schabowski, wanda ke yi wa 'yan jarida bayani, alhali bai zauna inda aka tattauna ta ba. Dab da ƙarfe bakwai na yamma aka tambaye shi yaushe dokar za ta fara aiki. Ya jujjuya takardu, ya ce a iya saninsa nan take ne.

Gidajen talabijin na yamma, waɗanda mutanen gabas ke kallo a ɗakunansu, suka ɗauka. Kafin goma na dare dubban mutane sun yi dafifi a mashigar titin Bornholmer. Jami'in da ke riƙe da wurin, Harald Jäger, ya yi ta buga waya wa na sama da shi, kowa na zillewa. Wajen sha ɗaya da rabi ya ce wa yaransa su ɗaga shingen. Shugaban gwamnati Helmut Kohl yana Warsaw yana ziyara. Wata masaniyar kimiyya mai shekara 35, Angela Merkel, ta tafi wankan surace kamar yadda ta saba kowace Alhamis, da ta fito ta bi ayarin ta tsallaka.

Ai kuwa ka ce ga ranar ƙasa ta faɗo musu daga sama. An yi wannan tunanin a 1990, aka kuma janye jiki, saboda 9 ga Nuwamba ba ta zo hannu sake ba.

Masu son lissafi sukan fara daga 1848, ranar da sojan Ostiriya suka harbe Robert Blum a bayan garin Vienna. Ɗan majalisar Frankfurt ne, majalisar farko da aka zaɓa don ta haɗa masarautun Jamusawa ƙarƙashin tsarin mulki ɗaya, kuma kisansa ya nuna cewa sarakuna sun dawo da ƙarfinsu. Wannan dacewa ce kawai. Amma ukun da suka biyo baya, 1918 da 1923 da 1938, ba dacewa ba ce. Kowace ita ta haifi ta gaba.

A farkon Nuwamban 1918 an riga an ci Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, saura sa hannu. Sojan ruwa a Kiel suka ƙi fita teku su mutu a banza, boren ya bazu gari gari. Ranar 9 ga wata aka sanar cewa Sarki Wilhelm na Biyu ya sauka, tun kafin shi kansa ya yarda. Da misalin ƙarfe biyu Philipp Scheidemann ya leƙo ta tagar ginin majalisa ya yi shelar jamhuriya. Bayan kamar awa biyu Karl Liebknecht ya yi shelar tasa jamhuriyar ta gurguzu a fadar sarki. Rana ɗaya, jamhuriya biyu. Sarki ya tsallaka Holan, ranar 11 ga wata farar hula suka sa hannu kan tsagaita wuta. Janar-janar ɗin da suka faɗi yaƙi suka samu abin da suke so: daga baya suka riƙa yaɗa cewa ba a ci soja a fagen fama ba, 'yan siyasa da 'yan gurguzu da Yahudawa ne suka ci amanarsu daga gida. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta yi wa mutanen da suka rasa 'ya'ya kusan miliyan biyu daɗin ji.

Da wannan ƙarya Hitila ya yi jari. A Nuwamban 1923, lokacin da kuɗin ƙasar ya lalace har dala ɗaya ta kai mark tiriliyan 4.2, ya kutsa da bindiga cikin wani taron manyan jihar Bavariya a wata babbar mashaya a Munich, a jajibirin cika shekara biyar da juyin 1918. Washegari, 9 ga wata, ya jagoranci maci zuwa tsakiyar gari. 'Yan sanda suka buɗe wuta, mutum 16 suka faɗi a ɓangaren masu macin, 'yan sanda huɗu suka mutu. Aka ɗaure shi shekara biyar, bai cika ko ɗaya ba aka sake shi. Da ya hau mulki a 1933, ya mayar da wannan abin kunya ranar shahidan jam'iyyarsa ta Nazi. Aka kafa allon tunawa a inda aka yi harbin, da masu gadi, duk mai wucewa dole ya ɗaga hannu ya yi gaisuwar Nazi. Mutanen Munich da ba sa so sai su karkata ta wani ɗan lungu a bayan ginin. Yau an jera duwatsu masu ruwan tagulla a ƙasan lungun, suna nuna hanyar da masu kauce wa gaisuwa ke bi.

To, wannan bikin shekara-shekara ne ya tara jiga-jigan jam'iyya a Munich daren 9 ga Nuwamban 1938. Kwana biyu kafin nan wani yaro Bayahude mai shekara 17, Herschel Grynszpan, ya harbi wani jami'in ofishin jakadancin Jamus a Paris, Ernst vom Rath. Iyayen yaron na cikin Yahudawa kimanin 17,000 'yan asalin Polan da aka kwashe a ƙarshen Oktoba aka jibge a kan iyaka, ba gaba ba baya. Labarin mutuwar jami'in ya iso ana cikin taro. Ministan farfaganda Joseph Goebbels ya miƙe ya yi jawabi, ya nuna cewa jam'iyya ba za ta shirya komai ba, amma in jama'a sun fusata ba za a tare su ba. Kowa ya gane karatun. Shugabannin yankuna suka ruga wajen wayoyi.

Kafin gari ya waye, daga Hamburg har Vienna wuta ake gani. Wuraren ibadar Yahudawa fiye da 1,000 aka ƙone ko aka rusa, kantuna kimanin 7,500 aka farfasa. 'Yan kwana-kwana sun zo, amma umarninsu shi ne su hana wutar kama gidan maƙwabci. Maza kimanin 30,000 aka kwasa zuwa sansanonin Dachau da Buchenwald da Sachsenhausen. Jam'iyya ta ce mutum 91 aka kashe, masana tarihi sun nuna adadin ya ninka haka sau da yawa in aka haɗa da waɗanda suka mutu a sansani da waɗanda suka kashe kansu. Sannan gwamnati ta ci tarar Yahudawa mark biliyan ɗaya, ta kuma ƙwace kuɗin inshorar da ya kamata a biya su.

Abin da ya sa wannan dare ya fi tsaya wa Jamusawa a maƙogwaro fiye da wasu ranakun da aka fi kashe mutane shi ne wurin da aka yi shi. Sansanonin da aka hallaka da yawa daga cikin Yahudawa miliyan shida suna can gabas, a ƙasar Polan da aka mamaye, mutum na iya cewa bai gani ba. Daren Nuwamba kuwa a ƙofar gida aka yi shi. Mai kantin da aka jawo kan titi, a wurinsa ake sayen takalmi. Yaran makaranta sun bi ta kan gilashi da safe. Kuma ba a iya cewa ba yadda za a yi, domin a Berlin 'yan sandan wata unguwa ƙarƙashin Wilhelm Krützfeld sun kori masu cinna wuta daga babban wurin ibada na titin Oranienburger, suka kira 'yan kwana-kwana aka kashe ta. Abin da ya same shi bai wuce faɗa daga shugabansa ba.

Mutanen waje sukan yaba wa Jamus kan yadda take tuna laifinta, kamar da aka tashi daga yaƙi a 1945 kowa ya sunkuyar da kai. Ba haka aka yi ba. Shekara ashirin na farko shiru ne. Mutane suna ganin kansu su ne abin tausayi: biranensu sun zama kufai, an koro Jamusawa kimanin miliyan 12 daga yankunan gabas, maza na tsare a Rasha. Shugaban gwamnati Konrad Adenauer ya amince a 1952 ya biya Isra'ila mark biliyan uku, amma shi ɗin ne ya ɗora Hans Globke a kan ofishinsa shekara goma, mutumin da ya taya rubuta sharhin dokokin wariyar Yahudawa na Nuremberg. Alƙalai da malaman jami'a da likitocin zamanin Hitila suka koma kujerunsu. Jamus ta Gabas ta huta wa kanta ta wata hanya: ta ce ita ƙasar masu yaƙi da Nazi ce, masu laifi duk suna yamma. Sai a Afrilun 1990, da aka samu zaɓaɓɓiyar majalisa ta farko, gabas ta nemi gafarar Yahudawa.

Mutane ƙalilan ne suka fasa shirun, kuma ba a gode musu ba a lokacin. Fritz Bauer, babban mai gabatar da ƙara na jihar Hesse, Bayahude ne da ya dawo daga gudun hijira. Da ya samu labarin inda Adolf Eichmann, ɗaya daga cikin masu tsara kisan Yahudawa, yake ɓoye a Ajantina, bai amince da hukumomin ƙasarsa ba, Isra'ila ya tsegunta wa. Shi ne ya tilasta shari'ar ma'aikatan sansanin Auschwitz a Frankfurt daga 1963 zuwa 1965, inda Jamusawa suka ji shaidu da kunnensu a kotun Jamus. Ɗaliban 1968 suka koma gida suna tambayar iyayensu abin da suka yi lokacin yaƙi. Ranar 7 ga Disamban 1970 shugaban gwamnati Willy Brandt ya durƙusa a gaban dutsen tunawa da unguwar Yahudawa ta Warsaw, shi da ya yi zamanin Hitila a gudun hijira, ba jini a hannunsa. Mujallar Spiegel ta tambayi jama'a: kashi 48 cikin ɗari suka ce ya wuce gona da iri, 41 suka ce daidai ne. Abin da ya shiga ɗakunan talakawa a ƙarshe, wani wasan kwaikwayo ne na talabijin daga Amurka mai suna Holocaust, da aka nuna a Janairun 1979, mutum kusan miliyan 20 suka kalla. Masana sun yi ta rubutu shekara talatin, fim ɗin dare huɗu ya fi su isa.

Ko a 1988 abin bai zauna ba. Shugaban majalisa Philipp Jenninger ya tashi yin jawabin cika shekara 50 da daren ƙone-ƙone. Ya so ya bayyana yadda Hitila ya burge talakan Jamus, sai ya riƙa faɗin tunanin mutanen wancan zamani da bakinsa, da murya ɗaya, ba a gane inda nasu ya ƙare nasa ya fara ba. 'Yan majalisa da dama suka fice. Washegari ya yi murabus. Waɗanda suka karanta jawabin a takarda daga baya, har da wasu shugabannin Yahudawan Jamus, sun ga cewa mutumin gaskiya ya faɗa, faɗarta ce bai iya ba. Shekara ɗaya bayan wannan, a wannan makon, katanga ta faɗi.

Da wannan tabo sabo aka zauna zaɓen ranar ƙasa. Kamar gidan da aka yi haihuwa da rasuwa rana ɗaya ne: ba wanda ya ce ba a murna da jariri, amma wa zai rangaɗa guɗa? Hoton matasa na ɗaga kwalaben giya suna rawa a titi ranar da aka ƙone wuraren ibada, shi ne abin da aka guje wa. Aka ɗauki 3 ga Oktoba, wadda ba ta da laifi kuma ba ta da ɗanɗano, ta maye gurbin 17 ga Yuni da yamma ke hutu don tuna boren ma'aikatan gabas na 1953.

A ganina an yi asara a nan, ko da yake na fahimci dalilin. Ranar 3 ga Oktoba ta shugabanni ce da lauyoyi. Ranar 9 ga Nuwamba kuwa, mai kyau da marar kyau, aikin mutanen titi ne: su suka sauke sarki, su suka tsaya suna kallon wuta, su suka ture shinge. Mutanen gabas musamman suna da hujjar jin an rage musu, domin su suka fito gaban bindiga a Leipzig, amma ranar da aka zaɓa ita ce ranar da ƙasarsu ta shuɗe, kafin hukumar sayar da kamfanoni ta rufe masana'antu, miliyoyi su rasa aiki. Wannan ɗaci bai gushe ba. A gabas ne jam'iyyar AfD ta fi ƙarfi, wadda ɗaya daga jagororinta, Björn Höcke, ya nemi a 2017 a juya wa wannan salon tunawa baya gaba ɗaya. A zaɓen Fabrairun 2025 ita ta zo ta biyu a ƙasa, da kashi 20.8.

Duk da haka ranar ba ta mutu ba, sauka ta yi daga fadar gwamnati zuwa bakin titi. Wani mai fasaha, Gunter Demnig, ya fara a shekarun 1990 yana binne 'yan duwatsu masu fuskar tagulla, faɗin tafin hannu, a gaban gidan ƙarshe da mutum ya zauna da son ransa kafin a tafi da shi. A jiki akwai suna, shekarar haihuwa, ranar kamu, da inda ya ƙare. A 2023 ya sa na 100,000, kuma sun bazu ƙasashen Turai da dama. Ba gwamnati ke nema ba: 'yan unguwa ne ko ɗaliban wata makaranta za su tono sunan a ma'ajiyar takardu, su tara kuɗin. Da yammacin 9 ga Nuwamba za ka ga mutane durƙushe da tsumma da man goge ƙarfe, su ajiye kyandir da fure. Munich ita ce ta ƙi. Charlotte Knobloch, shugabar al'ummar Yahudawan birnin, wadda tana 'yar shekara shida ta ga daren 1938 riƙe da hannun mahaifinta, ta ce ba za ta yarda a riƙa taka sunayen matattu da takalmi ba. Majalisar birnin ta bi bayanta, ta hana sa duwatsun a filin gwamnati, ta koma liƙa alluna a bango daidai tsayin ido. Wasu iyalan waɗanda aka kashe ba su ji daɗin haka ba, har kotu sun je.

Akwai kuma wani Nuwamban da wannan tunawa ta daɗe ba ta kai gare shi ba. Ranar 15 ga Nuwamban 1884 shugaban gwamnati Bismarck ya buɗe taron Berlin, inda Turawa suka shata ƙa'idojin rabon Afirka. Daga wannan zamani Jamus ta samu Kamaru da Togo da Tanganyika da Namibiya ta yau. Da Ingila ta ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu ya ja zuwa gabashin ƙasarsa, sojan Jamus ƙarƙashin Hans Dominik suka fatattaki rundunarsa a Marwa a Janairun 1902, Adamawa ta rabu biyu har yau. Da wuya ka sami ɗalibin Jamus da ya taɓa jin sunan Marwa. A Namibiya, a yaƙin 1904 zuwa 1908, Janar Lothar von Trotha ya ba da umarnin shafe al'ummar Herero, aka tura su hamada aka tsare rijiyoyi, aka bi da al'ummar Nama, dubun dubata suka mutu. Sai a Mayun 2021 gwamnatin Jamus ta kira abin kisan ƙare dangi a hukumance, ta yi tayin yuro biliyan 1.1 a cikin shekara 30, da sunan aikin raya ƙasa. Shugabannin Herero da Nama da dama suka yi watsi da shi, suka ce gwamnatoci biyu ne suka sasanta ba a zauna da su ba, kuma ba a kira kuɗin diyya ba. A Disamban 2022, bayan shekaru ana jayayya da mazauna unguwar Wedding a Berlin, aka cire sunan Gustav Nachtigal, wanda ya kafa tutar Jamus a Kamaru, daga wani dandali. Aka sa na Sarki Rudolf Duala Manga Bell, wanda Jamusawa suka rataye a Duwala ranar 8 ga Agustan 1914 saboda ya ƙi a tashi mutanensa daga bakin kogi, da na matarsa Emily.